'Ya'yan fakara sun kwana 9 ba sa girma sai fiffike, ko lafiya?

Dan_Fadama:

Assalamu alaikum jama'a barkanmu da war haka. Don Allah masu kiwon tsuntsaye da dattawan da suka san daji ina neman shawara, abin ya dame ni wallahi.

Sati uku da suka wuce muna yankan shinkafa a bakin fadama nan Argungu sai fakara ta tashi firrr daga gaban lauje har yaron da ke yanka ya kusa faɗuwa, da muka duba ashe kwanci take yi, ɗan rami ne kawai ta tona a gindin ciyawa ta shimfiɗa busasshen ganye, ƙwai 6 a ciki. To mun riga mun yanke duk abin da ya rufe wurin, ga rana ga karnuka ga yara masu kala, na san ko na bar su ba za su kai magariba ba, sai na kwashe su a hulata na kai gida na sa wa wata kazar maiɗakina da ta yi kamar sati tana kwanci. Bayan kwana 12 guda 5 suka fito, ɗaya ya lalace. Nata na kazar kuma sai bayan kwana biyu suka fito.

Yau kwanansu 9 kuma saura uku. Ɗaya a kaskon ruwa na tarar da shi ya mutu, ruwan da bai kai gaɓar yatsa biyu ba, ɗaya kuma da asuba na gan shi can gefen akurki ya sandare bai shiga ƙarƙashin kazar ba. Ukun da suka rage ina ba su tsakin gero da dusa irin yadda ake ba sauran, amma 'ya'yan kazar da ke bayansu da kwana biyu yanzu sun kusa ninka su a jiki, su kuwa ba abin da ke fitowa sai gashin fiffike, har ya wuce musu gindi, jiki kuwa kamar ƙwallon goriba. Ɗaya ma ya fara sakin fiffiken yana lumshe ido.

Shin haka girmansu yake ko wani abu nake yi ba daidai ba? Me ake ba su? Kuma sai yaushe ake gane namiji da mace? Na gode.

Tsohon_Maharbi:

Wa alaikumus salam yaro. Ɗiyana ka rubuta mini ni kau ina faɗi, to ka saurara.

Ɗiyan hwakara ba ɗiyan kaza ba ne, kuskuren da ka yi kenan da ka haɗa musu kwano guda. A daji uwassu ba hatsi take nuna musu ba tun suna ƙanana, gara ce da tururuwa da ƙwan tururuwa da ƙananan fara da tsutsa, in ka taɓa laɓewa ka ga ta fito da su da hantsi za ka ga bakin suri take kai su tana tono suna cafka. Hatsi sai sun yi ƙwari. Kai ko ka ba su dusa, mi dusa za ta yi musu.

Ga yadda munka saba yi ma ɗiyan zabi, su ma haka za ka yi musu. Ka samu tsohuwar tukunya ka cika ta da busasshen kashin shanu da guntayen karan dawa ko totuwar masara, ka yayyafa ruwa ya yi laima kar ya jiƙe sharkaf, ka kai kusa da inda ka ga gara na ɗinki ka kife ta da marece, ka ɗora ganye ko tsumma bisa don rana. Da sassafe ka ɗauko ka kakkaɓe musu a faranti. Amma ka duba da kyau, masu jan kai da manyan baki ka tsince su ka zubar, suna kama ma tsako maƙogwaro, farare masu taushi su ne abinci.

Wanda ya mutu da asuba sanyi ne ya kashe shi ba ciwo ba. Kaza in ta yi kiranta ɗiyanta na ji su rugo, ɗan hwakara bai san yarenta ba, in ya ji motsi sai ya ruga ya lafe inda ya samu ya yi shiru awa dutsi, launin bayanshi da zanen nan sak ƙasa da ciyawa, kana iya taka shi ba ka gan shi ba. Don haka ka ƙuntata musu wuri, ka toshe duk wata kafa, da dare kai da hannunka ka tura su ƙarƙashinta.

Batun fiffike kau kar ka damu, haka Allah ya yi su. Abin da ka kwana ƙasa cikin macizai da tunku da mussa dole ya fara da abin gudu. Amma dai in gaya maka tun yanzu, barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe, ranar da sunka ji ƙarfi sunka samu sarari ba sallama za su yi maka ba. Ni na riƙa biyu dauri har sunka yi wata huɗu suna ci a hannuna, wata safiya namiji ya yi kuka daga bayan gari, shi kenan.

Dan_Fadama:

Allah ya ƙara girma Baba, wallahi ban taɓa kawo maganar gara a raina ba alhali ga ta nan tana cinye mana dannin gida. Yau da marece zan kife tukunyar in sha Allah.

Malamin_Dabbobi_BK:

Salam. Baba ya gama magana, ni dai zan ɗan ƙara da abin da muka karanta da wanda na gani a aiki, ka yi haƙuri zai yi tsawo.

Na farko ka daina auna su da 'ya'yan kaza don za ka tayar wa kanka hankali a banza. Fakarar nan tamu ko ta gama girma duka nauyinta bai fi kamar rabin kilo ba, macen ma ba ta kaiwa, alhali kazar gidan gona ta nama a sati shida tana kai kilo 2. Ɗan fakara ranar da ya fito daga ƙwai bai kai rabin ɗan tsakon gidan gona ba. Ka auna su da kansu, wato yau sun fi shekaranjiya ko kuwa, suna gudu suna tono ko suna tsaye wuri ɗaya.

Yadda girman ke tafiya, bisa lissafin da masu kiwon danginta a ƙasashen waje ke bi, irin cuka da ake kiwo a Turkiyya da Iran da Amurka, kuma tamu ba ta yi nisa da shi ba: suna fitowa da ido a buɗe da gashi mai laushi, cikin 'yan awoyi sun bushe sun fara tafiya. Kwana biyu zuwa uku na farko ragowar gwaiduwar ƙwai da ke cikinsu ce ke riƙe su, shi ya sa mutum zai ga kamar lafiya lau ko ba sa ci sosai, sai daga kwana na huɗu zuwa na goma a fara ganin mutuwa, gwaiduwa ta ƙare abincin da ake ba su kuma bai isa ba, kuma daidai wurin da kake kenan yanzu. Tun satin farko gashin fiffike ke fitowa, zuwa sati biyu sun fara ɗan tashi suna tsallake abu mai tsawon gwiwa. Daga nan gashin kafaɗa da baya da ƙirji da wutsiya, kai da wuya su ne na ƙarshe, akwai lokacin da za su yi muni ƙwarai kamar an fige su an fasa, wajen sati uku zuwa huɗu, kar ka ce ciwo ne. Zuwa sati shida jiki ya rufe sun daina buƙatar ɗumi. Sai kuma su sake zubar da wannan gashin na yarinta a hankali, wajen wata uku zuwa huɗu ne za ka ga sun ɗauki girma da zanen manya, farin layin nan na saman ido ya fito sosai, ƙirji ya yi ɗigo-ɗigo.

To gashi kusan duk furotin ne, wato sinadarin gina jiki, kuma jikin ɗan fakara fiffike yake fara biya kafin tsoka. In abincin ya gaza sai fiffiken ya ci gaba da tsawo jiki ya tsaya, har ya yi masa nauyi ya sake shi, abin da kake gani a na ukun nan kenan. Gero furotin ɗinsa bai wuce kashi 10 zuwa 12 cikin 100 ba. Sitata, wato abincin 'yan tsaki, ta kajin nama da ake sayarwa a buhu tana da kamar 22 ko 23. Su kuwa irin waɗannan tsuntsayen a satuttukan farko 26 zuwa 28 suke so. Ka ga tazarar.

Abin da za ka yi, ka sayi sitata ko mudu ɗaya ne, ka ƙara mata dafaffen ƙwai ka murmushe, da garin busasshen ƙananan kifi marar gishiri wanda ku a Argungu ba sai an koya muku inda ake samu ba, ga kuma garar da Baba ya ce. In za ka sa waken suya sai ka soya shi tukuna, ɗanye yana hana narkewar abinci. Ƙarago ma yana yi in ba yaji ba gishiri kuma bai yi fumfuna ba, mai fumfuna guba ne gare su. Ƙwan kar ya wuce awa biyu a gabansu ka kwashe saura.

Sai ɗumi. Satin farko digiri 35 suke so, ana rage kamar 3 kowane sati, yanzu naka suna buƙatar wajen 32, ga shi hunturu ya fara shigowa dare na sauka ƙasa da 20. Ni shawarata ka raba su da kazar ka sa su a kwali da ƙwan lantarki a gefe ɗaya. In sun dunƙule a ƙarƙashin ƙwan suna kuka sanyi suke ji, in sun gudu can gefe suna haki zafi ya yi yawa, in sun warwatsu suna ci to daidai ne.

Namiji da mace kuwa ka manta da shi yanzu, kamarsu ɗaya. Sai sun yi watanni za ka fara jin ɗan tudu a bayan ƙafar namijin inda ƙaimi zai fito, kuma shi biyu yake yi a kowace ƙafa ba ɗaya irin na zakara ba, har sunan da masana suka sa mata ma daga ƙaimi biyun nan aka samo shi. Ya fi ta girma kaɗan kuma shi ne mai hawa kan suri yana kuka safe da yamma. Ƙwai kuwa ba bana ba, sai kakar baɗi in sun kai.

Maman_Salwa:

Sannunku da ƙoƙari. Malam likita komai na yarda da shi amma ban da maganar raba su da kaza, don Allah wace wutar za a dogara da ita, mu nan Birnin Kebbi ma da muke cikin gari na taɓa kwanciya da 'yan salwa sama da arba'in a ƙarƙashin ƙwan lantarki aka ɗauke wuta tsakar dare ban farka ba, da asuba na tarar sun hau kan juna rabi sun tafi, ranar ko karin kumallo ban iya yi ba. Kaza kuwa ba a ɗauke ta. Ni a ganina ya bar su da ita amma ya kwashe 'ya'yanta na cikinta ya ba wata ko ya ware su lokacin cin abinci, don su ne ke ture ƙananan su cinye mai kyaun, in ka zuba gara a gaban 'yan kaza bakwai me ɗan fakara zai samu. In kuma dole sai kwalin to ya tanadi kasko da gawayi ya rufe da tsohuwar kwalla mai huji, ya bari hayaƙin ya gama fita tukuna kuma ya bar kafar iska.

Maganar ruwa kuma ƙanena wannan laifinka ne ba na kowa ba, ba a sa wa irin waɗannan kasko. Murfin roba marar zurfi za ka samu ka cika shi da tsakuwa su riƙa sha ta tsakanin duwatsun, ko sun hau ba za su jiƙe ba, don ko bai nutse ba in ya jiƙe a wannan sanyin ya tafi. Kuma kar ka shimfiɗa musu leda ko takarda mai santsi, ƙafafunsu ke barbajewa su kasa tsayuwa kuma in ta barbaje da wuya ta dawo, tsohon buhun algarara ko tawul ya fi, in sun kwana biyu ka koma ɓuntun shinkafa tunda kuna da shi a banza.

Wani abu da na lura da shi a 'yan zabi da salwa, abin da ke motsi suke kai wa baki, in ka ga ba sa kula abincin ka ɗan ƙwanƙwasa farantin da yatsa kamar kaza na sara, ko ka barbaɗa garar a kan sitatar, garin kama ta sai su haɗa da garin su saba. Ka ajiye musu yashi a faranti su yi birgima su kuma tsinci 'yan tsakuwa.

Kuma kar wani ya ruɗe ka da lissafin salwa, na ga mutane na haɗa su. Salwa ƙwanta kwana 17 zuwa 18 ne kuma a sati shida ko bakwai ta fara yi maka ƙwai, fakara ba haka take ba, in kasuwa kake nema ba ita ba ce, wannan kiwon sha'awa ne kawai.

Bakatsinen_Jega:

Ikon Allah, Bakabe ya bar kifi ya koma renon tsuntsu, to ai dole ɗaya ya mutu a ruwa tunda ka ɗauka kowa a gidanku ya iya su. Wasa nake yi ranka ya daɗe. Amma tsakani da Allah da ka bar ƙwan nan inda ka gan su, ka bar mata ko taki biyu na shinkafar ba ka yanke ba ai da ta dawo. Muna yara in ka bi gefen gona da yamma sai garke ya tashi a gabanka, yanzu sai ka yi kaka guda ba ka ji kukanta ba.

Malamin_Dabbobi_BK:

Hajiya na karɓi gyara, in wuta ba tabbas kazar ta fi, kawai dai a riƙa duba ta saboda ƙwarƙwata da kuma kashin da take yi a wurin, a nan suke ɗaukar zawon jini, in ya ga kashi da jini-jini ya nemi amfuroliyam a shagon maganin dabbobi da wuri. Kuma lokacin sanyin nan ne annobar kaji mai murɗe wuya ke yawo, tana kama dangin fakara ma, a yi wa kajin gidan duka rigakafi, Lasota ko wadda ake yi a cibiyar binciken dabbobi ta Vom mai jure zafi.

Maganar mutumin Jega kuwa akwai abin dubawa, kuma ba farauta kaɗai ba ce. A Ingila suna da tasu fakarar mai ruwan toka, ta yi ta raguwa har aka rasa dalili, wani masani Dick Potts ya fara bibiyar ta a gonakin Sussex tun 1968, abin da aka gano shi ne yawancin asarar a 'ya'yan take, satuttuka biyu zuwa uku na farko da suke rayuwa a kan ƙwari. Maganin feshi na ciyawa ya kashe ciyayin da ƙwarin ke zama a kai, na ƙwari ya ƙarasa saura, uwa ta ƙyanƙyashe lafiya amma 'ya'yan su yi ta yawo ba abin ci. Da aka gwada barin kamar mita 6 na gefen gona ba a yi masa feshin ba sai aka ga 'ya'yan da ke rayuwa sun ƙaru. To ku duba yadda muke yi yanzu a fadama, kowa da famfon feshi a baya har kan iyaka da gindin geza ba a bari, ga ƙona daji da an gama girbi. Yunwar da ta kama na cikin akurkin Dan_Fadama ita ce ke kama na dajin.

Dan_Fadama:

Jama'a na dawo da bayani, ku yi haƙuri da shiru aikin sussuka ne ya riƙe ni. Yau kwanansu 26.

Mai sakin fiffiken bai yi rai ba, kwana biyu bayan maganarmu ya tafi duk da na yi ta ɗiga masa ruwan bitamin a baki. Amma biyun nan kam Alhamdulillah kamar ba su ba. Ranar farko da na kakkaɓe musu tukunyar Baba sai da na kira maiɗakina ta zo ta gani, abin da ke tsayawa yana gyangyaɗi sai ga shi yana tsalle yana cafka har da ƙwace a bakin ɗan'uwansa, yanzu tukunya uku nake juyawa kuma yarana sun mayar da kamun fara sana'a, naira ashirin-ashirin suke karɓa a wurina. Na bi shawarar Hajiya na bar su da kazar na ware nata, ruwa kuma a murfi da tsakuwa.

Munin da likita ya faɗa ya zo, baya da ƙirji sun rufe amma kai da wuya har yanzu gashin jarirai ne da wasu tsinke-tsinke, ƙafafu sun yi tsawo sun fi ƙarfin jikin. Ɗaya ya ɗan fi ɗaya girma, ina shafa bayan ƙafarsa kullum ban ji komai ba tukuna. Sun fara tsintar gero da kansu. Kazar kuwa ta fara gajiya da su, jiya na ga ta sari ƙaramin.

Mutumin Jega na ji maganarka kuma ban musa ba, baɗi in na sake cin karo da sheƙa zan bar mata wurin, kai kuma ka zo bikin kamun kifi mu koya maka shiga ruwa.

Yanzu matsalar ita ce shekaranjiya da na buɗe akurkin zan sa abinci babban ya bi ta kan hannuna ya tashi sai kan danni, da ƙyar muka kama shi da zane bayan ya shige cikin tarin kara ya lafe mun fi rabin awa muna nema yana gabanmu. Ina so in yi musu keji mai rufi kafin Juma'a, wace irin raga ce ta fi, kuma tsawon nawa zan yi shi?

Maman_Salwa:

Mai ƙananan ido za ka saya wadda ɓera ba ya shiga, ka binne gindinta a ƙasa kamar taki ɗaya saboda gafiya. Saman kuma kar ka sa waya, in sun firgita sama suke yi tsaye su fasa kai, tsohuwar komar kifi ka ɗaura a sake-sake, ka jefa musu dauren kara biyu a kusurwa inda za su ɓuya.